Makonni Biyun Farko na Ɗan Aji Ɗaya a Makarantar Kwana

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, ranar karɓar sababbin ɗalibai ita ce ranar da na fi jin nauyin aikina na malami mai kula da ɗakin kwana. Tun da hantsi motoci da babura suke fara tsayawa a bakin ƙofa, ana sauke akwatunan ƙarfe da katifu da bokitai, kuma kusan kowane uba idan ya gama cike takardu sai ya kama hannun ɗansa ya sa a nawa, ya ce, "Malam, ga amana nan." Ni kuma in ce, "Allah Ya ba mu ikon riƙewa, Alhaji." Shi kuwa yaron da ake maganarsa yana tsaye gefe cikin yunifom ɗin da aka ɗinka masa da yalwa don ya kai shi aji uku, idonsa a kan motar da ta kawo shi, bai san ko ya yi kuka ko ya daure ba.

Tura yaro wani gari neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tsangaya ta riga boko, kuma a can ma ba a barin ƙolo ya yi ta gararamba shi kaɗai, akwai gardin da ke duba allonsa yana sa ido a kansa. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921 kuma daga baya ta zama Kwalejin Barewa ta Zariya, ita ma ta kwana ce, sai dai lokacin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shige ta a 1928 yana da kimanin shekara 16. Yau kuwa, tunda firamare shekara 6 ce, yaron da ake kawo mana bai wuce shekara 11 ko 12 ba, wani ma har jiya mahaifiyarsa ce take wanke masa kaya, take tashinsa sallar asuba. Wannan bambancin shekarun ne manya da yawa suke mantawa idan suna cewa ai su ma haka suka yi, kuma ba su mutu ba.

A ganina mun fi ba da ƙarfi ga abin da bai dami yaron ba. Mukan tara su a babban ɗakin taro, shugaban makaranta ya yi jawabi, mataimakinsa ya karanto dokoki, duk da Turanci, alhali yawancinsu daga makarantun da malami ke bayani da Hausa suka fito. Suna zaune tsit, amma abin da ke ransu daban ne: ina banɗaki yake, a ina ake ɗiban ruwa, wace ƙararrawa ce ta cin abinci wace ce ta karatun dare, kuma wa za a gaya wa idan an wayi gari babu takalmi. Shi ya sa da yammar ranar farko nake zagayawa da su da ƙafa, daga rijiyar burtsatse zuwa masallaci, zuwa ɗakin cin abinci da ɗakin shan magani, ina yi musu bayani da Hausa, kuma ba na jin kunyar hakan. Turancin zai zo a aji, amma yaron da bai san hanyar banɗaki da dare ba, babu darasin da zai shiga kansa da safe.

Babbar matsalar ita ce manyan ɗalibai. Malami yana gidansa da daddare, su ne suke kwana da yaran, don haka a hannunsu zaman sabon ɗalibi yake gyaruwa ko ya lalace. Kowa ya san yadda abin yake idan aka sakar musu: aike ba dare ba rana, ɗiban ruwa, wanki, tsallen kwaɗo a kan laifin da bai kai ya kawo ba, da ƙwace garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukarin da uwa ta ƙulla wa ɗanta. Na daɗe da gane cewa hani kaɗai ba ya magani, domin da zarar na juya baya an koma gidan jiya. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne in damƙa kowane yara uku ko huɗu a hannun babban ɗalibi guda, in rubuta sunayensu tare, in gaya masa a gabansu cewa idan bokitin ɗayansu ya ɓace ko ya kwana da yunwa, shi zan fara nema. Ba na zaɓar 'yan aji biyu, saboda su ne suka fito daga wahalar bara kuma suna ɗokin ramawa a kan wani. Ba na kuma zaɓar 'yan aji shida, waɗanda jarrabawar WAEC da NECO ta cika musu kai. 'Yan aji huɗu sun fi dacewa: sun yi hankali, suna da lokaci, kuma girman da aka ba su yana sa su kame.

Akwai wani yaro da ba na mantawa da shi. A mako na biyu na lura kullum shi ne na ƙarshe wajen fitowa taron safe, ana yi masa bulalar latti amma bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba. Wata rana bayan sallar asuba na zagaya bayan ɗakin kwana, sai na tarar da shi yana jan katifarsa zuwa cikin ciyawa, yana waige-waige. Fitsarin kwance yake yi, kuma ya gwammace bulala kullum a kan 'yan ɗakinsu su sani. Da ya gan ni jikinsa ya kama rawa, ya ce, "Malam, don Allah kada ka faɗa." Na ce, "Ɗana, babu wanda zai ji." Na mayar da gadonsa kusa da ƙofa, na samo masa leda mai kauri aka shimfiɗa ƙarƙashin zanen gado, na ce ya rage shan ruwa bayan isha'i, sannan na roƙi babban ɗalibin da ke kula da shi ya riƙa tashinsa sau ɗaya cikin dare ba tare da kowa ya san dalili ba. Kafin hutun ƙarshen zango abin ya tsaya. Tun daga lokacin na fi sa ido a kan yaron da ba ya magana fiye da mai kuka a fili, domin mai kuka ya riga ya faɗi damuwarsa.

Sai kuma batun lafiya, wanda ba ya jiran kowa ya saba. Satumba ƙarshen damina ce, ciyawa ta yi tsawo, ruwa ya kwanta a kwatami, sauro ya yi yawa, kuma lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara. Da yawansu sun zo da gidan sauro amma ba su iya ɗaura shi ba, don haka a daren farko gado-gado nake bi da igiya a aljihu. Abinci ma sai an lallaɓa. Yaron da ya saba da miyar mahaifiyarsa idan ya ga gabzar makaranta yakan ture kwanon, ya koma kan gari da sukari har su ƙare cikin kwana goma, daga nan sai rama da ciwon ciki. Nakan zauna a ɗakin cin abinci tare da su, in ci daga tukunyar da aka zuba musu, kuma hakan yana sa masu dafawa su ƙara kula.

Iyaye ma suna buƙatar a kwantar musu da hankali. Tun bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, tambayar farko da uba yake yi ba ta malaman lissafi ba ce, ta katanga ce da masu gadi, kuma ban ga laifinsa ba. Ina ba kowa lambar wayata, kuma ranar Juma'ar farko bayan an sauko daga masallaci nakan zauna ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban ɗakin kwana, yara su yi layi, kowa ya yi magana da gida na minti biyu. Wasu da sun ji muryar mahaifiyarsu sai hawaye, su kasa cewa komai sai "Umma, lafiya lau." Nakan karɓi wayar in ce, "Hajiya, yana cin abinci, yana zuwa aji, kewar gida ce kawai," sannan in miƙa wa na bayansa.