Kwallin da nake sayarwa a Madina

Shagona ƙarami ne, tafiyar minti goma daga Masallacin Annabi (SAW). Akwai dabino da tasbaha da turare, amma kwalli ne ya riƙe ni a kasuwa. Alhazanmu na Kano da Zinder ba sa komawa gida ba tare da shi cikin tsaraba ba, kuma kowa ismidi yake nema, irin kwallin da ya zo a hadisi.

Da dutse nake sayowa, a niƙa a gabana, a tankaɗe har sau uku, sannan a ɗura a kwalabe. Garin da aka riga aka niƙa na daina karɓarsa, saboda duwatsu biyu ne ke yawo da suna ɗaya. Ɗaya na wani sinadari ne mai suna antimoni haɗe da farar wuta, shi nake nema. Ɗayan na dalma ne, shi ya fi yawa a kasuwa, ya fi araha. Da zarar sun zama gari, ido ba ya raba su.

A dutse kuwa ana ganewa. Na dalma yana fashewa murabba'i-murabba'i, yana da nauyi a hannu sosai. Na antimoni tsinke-tsinke yake kamar an jera allurai, bai kai wancan nauyi ba, kuma ɗan ɓarɓashinsa harshen kyandir ma yana narkar da shi. Duk da haka kowane sabon kaya sai na kai ɗakin gwaji.

'Yata da ke karatun sinadarai ce ta fahimtar da ni halin antimoni. Lambarsa 51 a jadawalin sinadarai. Yana ƙyalli kamar ƙarfe, amma ka sa masa guduma sai ya farfashe, ba ya lanƙwasa, wutar lantarki ma ba ta bin sa yadda take bin tagulla. Tsaka-tsaki ne tsakanin ƙarfe da abin da ba ƙarfe ba, dangin silikon da ke cikin wayoyinmu, dangin arsenik kuma, wanda guba ne. Sin ce ta fi kowa haƙo shi, a 2024 ma ta taƙaita fitar da shi.

Jiya wata dattijuwa ta ce, "Ɗana, ba ni na jarirai, jikata aka haifa." Na ce, "Hajiya, Allah Ya raya, amma jariri kam kada a sa masa, ko da na shagona ne." Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, dalma kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa. Na tuna mata yaran Zamfara da gubar dalma ta wajen haƙar zinare ta kashe a 2010. Ta yi shiru, ta sayi kwalba ɗaya tata, jaririyar kuma ta ɗaukar mata 'yar riga a shagon maƙwabcina.