Abin da kunnena ya koya daga albam-albam ɗin Metallica

Aikina haɗa sauti ne a wani ƙaramin sitidiyo da ke Mabera, nan Sakkwato. Waƙoƙin biki, na siyasa idan kakarsu ta zo, da na yabo, su ne abincinmu. Kiɗan hebi metal kuwa ba wanda ya taɓa zuwa nemansa wurinmu, yawancin mutanenmu in sun ji shi hayaniya kawai suke ji. Maigidana ne ya ɗora ni a kansa. Ya ce in ɗauki ƙungiya ɗaya in bi ta daga albam na farko har na ƙarshe, a jere, ban da tsallake. Na ce, "Oga, wannan ihun fa?" Ya ce in bar ihun, in saurari abin da ke ƙarƙashinsa. Na ɗauki Metallica ta Amurka, wadda James Hetfield da Lars Ulrich suka kafa a Los Angeles a 1981.

Sai bayan isha'i nake zama, lokacin da zafin bazara ya ɗan saki kuma mawaƙa sun watse. Kill 'Em All na 1983 aikin samari ne 'yan kimanin shekara ashirin: gudu, gudu, sai ƙarin gudu. Muryar Hetfield siririya ce, tana tsagewa a sama, jita kuma kamar ana korar ta.

Shekara ɗaya tak bayan haka suka tafi Kofanhagen ta ƙasar Denmak, suka ɗauki Ride the Lightning tare da mai haɗa sauti Flemming Rasmussen, kuma a nan na gyara zama. Sun gano cewa nauyin kiɗa yana fitowa ne idan an ba shi abin da zai faɗo a kai. Akwai waƙar da ke buɗewa da jita marar lantarki, a hankali, sai bayan kunne ya saki jiki sannan ganguna su rufto. Master of Puppets na 1986 ya kai wannan dabara ƙololuwa. Waƙa ta haura minti takwas amma ba ka ƙosa ba, don tana da sassa: ta yi gudu, ta tsaya ta numfasa, jita biyu su yi wa juna amshi, sannan a koma.

Wanda ya fi kama ni a waɗannan ukun shi ne Cliff Burton, mai jitar bes, wato jitar da ke ba da ƙasan sauti. Yakan sa wa bes ɗinsa kaushi har ta haura sama ta yi magana da kanta, wani wurin ma sai ka rantse jita ce. Ya rasu a hatsarin mota a Suwidin ranar 27 ga Satumba, 1986, yana ɗan shekara 24. Albam na gaba, ...And Justice for All na 1988, ya fi duk na baya sarƙaƙiya da wuyar kaɗawa, amma bes ɗin sabon ɗan wasansu, Jason Newsted, an danne ta har kusan ba a jin ta. Na ƙara ƙasan sauti a kan teburin haɗa sauti, na canza sifika, na sa na kunne, duk a banza. Mutum ya tsaya ya kaɗa, an ɗauka, sannan aka binne aikinsa a wurin miksin, wato haɗa sauti. Abin ya tsaya mini a rai, don irin kujerar da aka yi wannan a kanta nake zama kullum. Gwaninta ta ƙaru a albam ɗin, jikin sautin kuma ya rame, kamar tuwo ba miya.

Daga nan suka ɗauko furodusa Bob Rock, a 1991 suka fitar da albam mai baƙin bango. Sun rage gudu, sun gajarta waƙoƙi, bes ta dawo, kowace ganga ta sami filin da za ta yi amo ta mutu kafin ta gaba ta zo. Hetfield ya fara rera waƙa da ƙirji. Tsofaffin masoyansu da yawa sun ce an sayar da kai don kasuwa. Ni dai a ganina, ta fuskar sauti, nan ne suka balaga. Load da Reload na 1996 da 1997 na saurare su na wuce, ba su riƙe ni ba. St. Anger na 2003 ƙaramar gangarsa na ƙara kamar ƙarfe, babu kuma wurin da jita ke fita ita kaɗai. Ashe girman ƙungiya ba ya tafiya a miƙe, akan ci gaba a koma baya.

Death Magnetic na 2008 ya zo mini da matsalar da na sani sarai. An matse sautinsa don ya yi ƙarfi har ya riƙa fashewa, har wasu masu sauraro suka gwammace wanda aka sa a wasan bidiyo na Guitar Hero, don shi ba a matse shi haka ba. Mawaƙanmu ma abin da suke nema ke nan: "Yallaɓai, ƙara mini, ta fi ta wane ƙara." Yanzu nakan kunna wa mawaƙi waƙarsa iri biyu, matsattsiya da sakakkiya, in daidaita ƙarfinsu ya zama ɗaya, in bar kunnensa ya zaɓa. Galibi sakakkiyar suke nunawa.

Dabarar Burton kuwa ita na fi mora. Masu jin aikinmu a waya suke ji, ko a 'yar sifikar mai shayi, ko cikin Keke Napep, kuma ƙaramar sifika ba ta iya fitar da can ƙasan sauti. Don haka nakan sa wa bes ɗan kaushi kaɗan, ta sami haƙora a tsakiyar sauti inda waya ke iya kamawa, in rage wa piyano ƙasansa don ya ba ta hanya. Kafin in miƙa kowane aiki sai na tura shi wayata, na fita bakin titi na saurara cikin ƙarar babura. In ban ji bes a nan ba, na koma kan tebur.