Tsohuwar wagon ɗina mai shan dizal

Wata na takwas kenan da siyan motar nan, Passat wagon ce ƙirar 2003 mai injin 1.9 TDI, kuma har yau abokaina basu daina min tsiya ba wai na siyo tarakta saboda ƙarar da take idan na tada ta da safe. Ni dai ko a jikina, su basu san abin da man fetur ya dinga min ba a tafiyar kilomita 80 zuwa wajen aiki, 80 dawowa, kullum ta Allah.

Injin dizal doguwar hanya yake so. Idan na hau titi na saka giya biyar, lita biyar zuwa shida take sha a kilomita 100, dama litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi kuma injin ba ya buƙatar fulogi, matse iska yake har ta yi zafi man ya kama da kansa. Wanda zirga-zirgarsa ta cikin gari ce kawai kar ma ya fara, injin ba zai yi zafi sosai ba, baƙin toka ya taru ya toshe masa EGR, wato bawul ɗin da ke mayar da wani sashe na hayaƙi cikin inji.

Abin da nake so in daɗe a kai shi ne ranar dubawa. Motar farko da na je gani, kafin in iso mai ita ya riga ya tada ta ta yi zafi, sai ƙyalli take tana tafiya sumul, bakanikena ya taɓa bonet ya ce min mu dawo gobe da sassafe kar kowa ya kunna ta. Washegari sai da aka yi ta murza makulli kafin ta kama, ga shuɗin hayaƙi yana tuttuɗowa daga salansa ya ƙi tsayawa, alamar tana ƙona baƙin mai kenan. Muka juya. A mota ta biyun ma haka bakaniken ya yi, tana aiki ya buɗe murfin baƙin mai ya ɗora shi a bakin ramin ya ga ko iska zata cilla shi, sannan ya kwanta ƙarƙashi yana neman tsatsa, ko kallon mita bai yi ba, wai lamba ana iya juya ta.

Da na biya, abu na farko shi ne canza taimin bel da famfon ruwa duk da mai motar ya rantse sabo ne, tunda babu takardar shaida, kuma a wannan injin idan bel ya tsinke kana gudu fistin ne zai daki bawul, shikenan inji ya tafi.

Shokozoban baya ya gaji, AC kuma sai ya ga dama. But ɗin kuwa har keke na saka ban cire taya ba. Sati mai zuwa zan canza hita guda biyu, wato abin da ke ɗumama cikin injin dizal kafin a tada shi, ta fara jinkirin tashi da asuba.