"Da sauƙi" ɗin da ya hana ni maki

Da sikila aka haife ni, kuma duk mai ita ya san yadda take da sanyi. Hunturun farko da na yi a Ingila sau uku ana kwantar da ni a asibiti, daga baya hoto ya nuna kan ƙashin ƙuguna na hagu ya fara mutuwa saboda jini ba ya isa wurin. A lokacin ko maganar tallafi ba ta taso ba, don a bizar aikin maigidana muka shigo kuma an rubuta mana ƙarara cewa ba mu da haƙƙi a kuɗin tallafin gwamnati, wanda ya karɓa ma zai iya ja wa takardunsa matsala. Haka muka yi shekara 5 muna lallaɓawa har muka samu takardar zaman dindindin.

Nas ɗin da ke duba mu a asibiti ce ta fara min maganar PIP, kuɗin da ake ba wanda ciwo ko naƙasa ta hana shi hidimar kansa. Na ce mata ai mijina yana aiki, ta ce ba ruwansu da albashi ko abin da kuka tara, mai aiki ma yana karɓa. Sharaɗin dai ciwon ya kai wata 3 yana wahalar da ke kuma ana ganin zai ƙara wata 9, sannan kin zauna a ƙasar shekara 2 cikin 3 da suka wuce.

Gaskiya sai da na yi wata biyu ina juya abin a raina, don kalmar naƙasa ta min nauyi, gani nake kamar bara zan yi. Da na daure na buga waya suka aiko da fom, wani tuli guda, aka ce in mayar cikin wata ɗaya. Ba sunan ciwo suke bi ba, tambaya suke ɗaya bayan ɗaya: girki, cin abinci, shan magani, wanka, banɗaki, sa kaya, har nisan da kike iya takawa, mita 20 ne ko 50 ko 200. Kowanne da makinsa, kuma sashe biyu ne, hidimar yau da kullum da tafiya, sai kin haɗa 8 a sashe a ba ki ƙaramin matakin kuɗin, 12 babba.

To ni fa tun tasowata ban san a tambaye ni ya jiki in ce wani abu ban da "da sauƙi" ba, ko ina murƙususu a gado. Haka na cika fom ɗin, haka kuma na amsa wa ma'aikaciyar lafiyar da ta kira ni a waya. Kina iya girki? Eh ina yi. Ban ce mata a zaune nake yi ba, ban ce ranar da na yi girkin to washegari a kwance zan wuni ba. Da ta zo kan wanka kuwa wallahi kunya ce ta rufe ni, ta yaya zan buɗe baki in gaya wa baƙuwa cewa maigidana ne ke kama ni in shiga bahon wanka in fito, shi ke sa min safa kafin ya tafi aiki? Sai na ce ina ƙoƙartawa. Takarda ta zo, maki 2.

Na yi kuka sosai ranar. Wata yayarmu da ta daɗe a nan ta ce "ƙanwata share hawayenki, kina da wata ɗaya ki ce su sake dubawa, in ma sun ƙi akwai kotu." Ita ta raka ni Citizens Advice, wata ƙungiyar ba da shawara, kyauta suke taimakawa. Matar da muka samu ta karanta abin da na rubuta tsaf, sannan ta fahimtar da ni abin da da na sani tun farko da ban sha wannan wahalar ba: a dokarsu ba a cewa kin iya abu sai in kina yinsa ba haɗari, yadda ya kamata, kina iya maimaitawa, kuma bai ɗauke ki fiye da ninki biyu na lokacin mai lafiya ba. Ciwo irin namu mai tashi ya kwanta kuma ana duba yadda kike a fiye da rabin kwanakin shekara ne.

Ta ce in sayi ɗan littafi in riƙa rubuta komai kullum. Rubutun ya fi min faɗa da baki sauƙi, amma duk da haka ranar da na rubuta "yau da rarrafe na je banɗaki" na daɗe ina kallon layin kafin in bar shi. Muka haɗa da wasiƙar likitan jini da sakamakon hoton ƙugu, maigidana shi ma ya rubuta abin da yake min, shafi ɗaya da rabi, sai da na karanta na san ashe yana lissafe da dararen da yake tashi ya ɗumama min ruwa.

Da amsa ta dawo sun ba ni 9 a hidimar yau da kullum, 10 a tafiya saboda sandar da nake dogarawa. Duk sati huɗu kuɗin ke shigowa, mafi yawansu a hita da tasin zuwa asibiti suke tafiya. Sun ce za su sake dubawa nan gaba, shi ya sa littafin yana nan kusa da gado ban daina rubutawa ba.