Lahadi, wunin roƙon lambar kit

Yau ba aiki amma wallahi na fi gajiya da ranar aiki. Tun bayan asuba nake kan laftof, shayin da na haɗa har ya huce ban sha ba, duk a kan mutumin nan na Sudan da ya fito min a gwajin DNA wata biyu da suka wuce. Sentimogan 212 muka haɗa da shi, wato ma'aunin yawan DNA ɗin da mutum biyu suka yi tarayya a kai, kuma wanda ya san abin ya san wannan ba ƙaramin adadi ba ne, waɗanda kakanninsu suke wa da ƙani yawanci wajen 230 suke haɗawa. Mu kuma a gidanmu tun muna yara ake ba mu labarin ƙanin kakanmu da ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba, wai ya bi ayari ta Maiduguri ya shiga Chadi, daga nan sai jita-jita, wasu su ce ya rasu a hanya wasu su ce ya tsaya noman auduga a yankin Jazira na Sudan ya yi aure, kamar yadda mutanenmu da yawa suka yi, ga garin Mai Wurno ma can kusa da Sinnar da zuri'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Matsalar, kamfanin da muka yi gwaji ni da shi adadi kawai yake nuna maka, ba ya nuna a kan wane kuromosom, wato wane sashe na DNA ɗin, kuka haɗu. Goggo kuma, wadda ita ce ta fi kusa da wanda ya ɓatan tunda baffanta ne, a wani kamfani daban na yi mata lokacin da ta zo mana haihuwar autana, don a lokacin su ne suka yi rangwame. To ba yadda za a yi a gwada ta da shi sai kowa ya sauke fayil ɗin sakamakonsa ya ɗora a wani shafin intanet mai suna GEDmatch, can ne ake haɗa na kowane kamfani wuri guda, a ba ka lambar kit, wato lambar shaidar fayil ɗinka, ka sa lambobi biyu ya zayyano maka inda suka yi daidai. Kuma dole in yi hattara saboda auren zumunci, gidan da aka daɗe ana auren 'yan uwa adadin kumbura yake yi, na nesa sai ya fito kamar na kusa.

Na rubuta masa saƙo na goge ya fi sau biyar. Na farkon da na tura wancan watan ni kaina da na sake karantawa na ji kunya, ba gaisuwa ba komai, kawai don Allah ka ɗora sakamakonka ka turo min lamba, kamar ina bin sa bashi. Dole ya yi shiru. Yau sai da na yi sallama, na faɗi ko ni wace ce, na ba shi labarin ayarin, na sa hoton kakanmu guda ɗaya da muke da shi, wanda yake zaune da rawani, sannan can ƙasa na kawo maganar.

Ina jira sai ga wata baƙar fata 'yar Amurka da muka haɗa 14 kacal, ita ko roƙo ban yi ba, minti goma ta turo lambarta har da ta mahaifiyarta, tana tambayata wane gari kakanninta suka fito. Me zan ce mata? Na ce ni dai 'yar Kano ce. Ta yi ta godiya har na rasa inda zan sa kaina.

Bayan azahar na kira Goggo. Fayil ɗinta fa yana cikin laftof ɗina, da na ga dama minti biyar na ɗora ba wanda zai sani, kuma ba zan ɓoye ba na yi wannan tunanin. Muka gaisa, ta tambayi yara, na lallaɓa na shigo da zancen. Sai ta ce ke 'yar nan, yawun da kika sa na tofa a kwalba har yanzu bai ƙare ba? Na yi mata bayani iya iyawata, ta saurara tsaf sannan ta ce garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta, yau kin nemo wanda ya tafi Makka, gobe wani ya fito ya ce shi ɗan wane ne, ki ce me? Na buɗe baki na kasa cewa komai don gaskiya ta faɗa, jinin nan ba nata ba ne ita kaɗai, na 'ya'yanta ne da jikokinta da su Baba duka. Ta ce sai ta yi shawara da Baffa. Wanda ya san Baffa ya san an kai maganar ma'ajiya.

Wajen la'asar mutumin Sudan ya amsa, dogon saƙo, a Kanada yake ashe. Ya ce ya san GEDmatch, ba nan ne 'yan sanda suka bi ta dangi suka kamo mai kisan mutanen nan na Kalifoniya a 2018 ba? Na ce nan ne, amma tun 2019 suka sauya, kai ne za ka zaɓa ko ka yarda 'yan sanda su duba naka ko ba ka yarda ba, kuma kana iya sa sunan bogi ka buɗe sabon imel don shi kaɗai, in ka gaji ka goge. Ya kawo zancen kutsen da aka yi wa kamfanin gwajin DNA na 23andMe a 2023, aka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 7, nan kam ban yi musu ba. Amma ashe duk ba wannan ne ainihin abin ba. Ya ce su a can sun girma ana ce musu Fallata, ana ce musu Takari, kamar baƙi, alhali uwarsa da ubansa duk a can aka haife su, ga yaƙi, mahaifiyarsa ta baro Wad Madani ƙarshen 2023 da kayan jikinta, yanzu tana Alƙahira, shi ba ya son wani abu a intanet da zai nuna asalinsu daga waje yake. Na daɗe ina kallon saƙon. Ni ina nan ina lissafin sentimogan.

Na ce masa ya bari kawai, ba dole. Matakan da na tsara masa ɗaya bayan ɗaya har da hotunan inda zai danna suna nan ban tura ba.

Bayan isha'i ina wanke-wanke waya ta yi ƙara, saƙon murya ne ya turo, sakan 40. Wata tsohuwa ce, Hausarta wata iri mai nauyi da Larabci a ciki, ya nuna mata hoton ne, tana cewa wannan hancin na babanta ne, wai a gaishe da mutanen gida, a tambaya mata ko akwai sauran masu rini a gidan. Mu kuwa marina ne tun kaka da kakanni, kuma ban taɓa faɗa masa ba. Na saurara ya kai sau shida, na tura wa Goggo ba tare da na ce komai ba. Ta buɗe, na ga alamar ta ji, har yanzu ƙarfe sha ɗaya ba ta ce uffan ba.