TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 9: Ranar da Aka Fara Tambayata Kunnena

A makon jiya na tsaya ne a ranar da na yanke jiki na faɗi a gaban 'yan aji biyar, alli a hannuna, allo yana juya mini kamar faifai. Wannan shi ne karo na shida da jiri ya kama ni a cikin shekara guda. Da aka kawo ni gida a keke napep, ina riƙe da leda ina sheƙa amai, Inna ta zauna a bakin gado ta ce, "Wannan abu ya wuce a ce maleriya."

Gaskiyarta. Sau uku ana yi mini maganin maleriya da taifot a wani kemis na unguwarmu, har da ƙarin ruwa. An yi mini ruƙiya, na sha rubutu, kuma har gobe ban raina addu'a ba, ita ce ta riƙe ni a daren da nake ganin ba zan kai safiya ba. Amma Inna da kanta ta ce, "Allah ya ce tashi in taimake ka. A nemo likitan da ya san abin."

To, wane likita? Nan gidanmu ya rabu. Maigida ya ce tun da kai ne ke juyawa, likitan ƙwaƙwalwa za a gani. Yayarsa ta dage kan cewa hawan jini ne, domin haka nata ya fara, sai a je wurin likitan zuciya. Ni kuwa ban ce komai ba. Abin da har yau yake yi mini ciwo shi ne, a duk wannan muhawara ba wanda ya ambaci kunne, har ni mai kunnen. Alhali wata da watanni kunnena na hagu a toshe yake, kamar na yi wanka ruwa ya shiga ya ƙi fita, ga wani ƙugi a ciki kamar injin niƙa na aiki a bayan layi. Na ɗauka wannan daban, jirin daban.

Maganar maigida aka bi. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wani dattijo mai sanyin murya, ya ƙwanƙwasa mini gwiwa da ɗan guduma, ya sa na yi tafiya a kan layi, na taɓa hancina da yatsa ido rufe. Ya rubuta a yi mini hoton ƙwaƙwalwa da ake kira MRI. Kwasar adashina ta wannan watan gaba ɗaya a nan ta tafi. Da sakamako ya fito, babu ƙari, babu alamar shanyewar ɓarin jiki. Yana cikin yi mana bayani sai ya dakata, ya ce, "Malama, tun ɗazu na lura da kunnen dama kike juyo mini. Na hagun fa?"

Sai kawai na fashe da kuka. Shekara guda ina yawo, shi ne mutum na farko da ya yi mini wannan tambayar. Ya ce kada mu yi baƙin cikin kuɗin hoton, domin akwai wani ƙari da ke fitowa a jijiyar ji wanda alamominsa ke kama da nawa, dole a tabbatar babu shi. Sannan ya faɗi abin da ya ƙara masa daraja a idona: "Wannan ba fannina ba ne. Likitan kunne za ku gani."

Na ɗauka an zo ƙarshe. Ashe da sauran rina a kaba.

Likitan kunne, hanci da maƙogwaro da muka fara gani, a wani asibiti da ba zan ambata ba, bai yi minti biyar da ni ba. Ya haska kunnen, ya ce akwai datti, aka wanke, ya rubuta maganin ɗigawa. Ba na zarginsa da mugunta, layin da na gani a ƙofarsa ya isa ya gajiyar da kowa. Sai dai bai tambaye ni tsawon lokacin da jirin yake ɗauka ba, bai aika ni gwajin ji ba. Bayan mako biyu abin ya sake kama ni a kasuwa, na durƙusa a gaban mai tumatir ina riƙe da ƙafar teburinsa. Daga baya na fahimci cewa maganin ɗigawa iyakarsa dodon kunne, ciwona kuwa yana can ciki, bayan dodon, a cikin ƙashi.

Wata abokiyar aikina, wadda aka sa wa ɗanta na'urar ji, ita ta ce mini in je Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1999. Ta kuma ba ni shawarar da ta fi komai amfani: kada in ce ina son "likitan kunne" kawai in yi shiru. Su ma a cikinsu kowa da inda ya fi ƙarfi, wani hanci, wani maƙogwaro da tiyata a wuya, wani kuma kunne da matsalar jiri. Ta ce in buɗe baki in tambaya. Bayan sallar asuba muka kama hanya daga Zariya, na zauna a gaba, idona a rufe kusan duk tafiyar.

Likitar da na samu mace ce. Ba ta fara da haska kunne ba, da tambaya ta fara, kuma tambayoyin nata su suka nuna mini na zo inda ya dace.

"Idan ya kama ki, daƙiƙu yake yi ko sa'o'i?"

Na ce wani lokaci awa biyu, wani lokaci tun hantsi har la'asar.

"Juyawa a kan gado ne ke tayar da shi?"

Na ce a'a, ko ina zaune yana zuwa. Duk da haka ta kwantar da ni da sauri, kaina a karkace yana rataye a bakin gado, tana kallon ƙwayar idona. Ta ce akwai wani jiri da wasu 'yan ƙananan tsakuwoyi na cikin kunne ke jawowa idan suka bar mazauninsu. Shi bai kai minti guda, kuma da juya kai a wani tsari ake magance shi, ba da ƙwaya ba. Nawa ba shi ba ne. Ta tambaye ni ciwon ɓarin kai, da ko haske yana damuna, domin shi ma ciwon ɓarin kai yana kawo jiri har a rikita shi da ciwon kunne.

Daga nan aka kai ni wani ɗan ɗaki mai kauri, wanda ko motsin waje ba a ji. Aka sa mini abin sauraro a kunne, aka ce duk sanda na ji ƙara in danna maɓalli. Da takardar ta fito, kunnen dama jan da'ira ne a jere a sama, na hagu kuwa alamar X ce shuɗiya, ta zube ƙasa a ɓangaren ƙananan sautuka masu kauri. Na daɗe ina kallon wannan takarda. Abin da na kasa bayyana wa mutanen gidanmu, ga shi an zana.

Ba ta yanke hukunci a ranar ba. Ta ce in dawo bayan wata guda a sake gwajin, kuma in sami littafi in riƙa rubuta rana, da lokacin da jirin ya fara da lokacin da ya sake ni, da yadda kunnen yake kafin ya zo. A zuwa na biyu ne ta kira sunan ciwon: Meniya. Sunan wani likitan Faransa ne da ya yi aiki a makarantar kurame ta birnin Faris. Shi ne a 1861 ya tsaya gaban likitocin zamaninsa ya ce irin wannan jiri daga cikin kunne yake tasowa, a lokacin da kowa ke ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwa. Na dubi maigida, shi ma ya dube ni.

Ta zana mini kunnen ciki a bayan kati: wani abu kamar katantanwa wanda da shi muke ji, da bututu uku masu lanƙwasa waɗanda ke gaya wa jiki yadda kai yake juyawa, don ya daidaita. Duka ruwa ne a cikinsu. A wannan ciwo ruwan ne ke taruwa fiye da kima, shi ya sa toshewa da ƙugi da jiri suke zuwa tare, daga minti 20 har zuwa awa 12.

Na ce, "Likita, zan warke?"

Ta ce, "Malama, ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Ciwo ne da ake zama da shi, amma ana iya rage masa ƙarfi sosai. Za mu fara da mai sauƙi. Idan bai yi ba akwai allurar da ake yi ta cikin dodon kunne, tiyata kuwa can ƙarshe take, kuma ba kowa ke kaiwa gare ta ba."

Da a ce ta ce mini wata uku zan miƙe garau, da na fita da murna, kuma da yanzu na daina zuwa wurinta. Mai ciwo irin nawa ba likitan rana ɗaya yake nema ba. Wanda zai ajiye takardun gwajinka ya riƙa gwada na bana da na bara, wanda za ka iya komawa wurinsa ba tare da ka sayar da gona ba, shi ne naka.

Ta karɓe ƙwayar jirin da nake sha kullum tun daga kemis, ta ce ta lokacin da abin ya taso ce kawai, shan ta yau da gobe yana hana ƙwaƙwalwa koyon daidaita jiki. Ta rubuta mini wani maganin wannan ciwo mai suna betahistin, da wani maganin rage ruwa a jiki. Sai ta zo kan gishiri: a yini kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya, duk da wanda ke ɓoye a cikin dunƙulen ɗanɗano, da kilishi, da yajin tsire. Har kanwa ta sa a lissafi.

Da muka iso gida da magariba, Inna na tsakar gida tana kaɗa miyar kuka, dunƙule huɗu a ɓare a kan murfin tukunya. Na tsuguna kusa da ita na ce, "Inna, ku ɗan dakata, akwai magana." Yadda muka kwashe da ita a kan wannan tukunya, shi zan kawo muku a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.