Ashe Bingham ɗin Jankwano ne na tarar a Adis Ababa

Watanmu biyu kenan a Adis Ababa, maigida ne ya samu aiki muka tattaro da yara. Sanyin garin bai dame ni ba tunda ni 'yar Jos ce, amma numfashi fa, garin yana kan tudu sama da mita 2,300, bene biyu zan hau sai na tsaya ina haki kamar na yi tsere. Ga agogonsu kuma, in mai tasi ya ce miki ƙarfe 2 na safe to ƙarfe 8 yake nufi, sau biyu ina shan wannan kafin na gane.

Wajen neman wa yara makaranta ne wata maƙwabciyata 'yar Ghana ta ce mu leƙa Bingham Academy a unguwar Kolfe, can bayan kasuwar Merkato. Na ce wane Bingham kuma?? Ni fa a asibitin Jankwano na Jos aka haife ni, wanda yanzu ya koma asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. Ashe duk mutum ɗaya ne, Rowland Bingham. Su uku suka sauka Legas a 1893 da niyyar shigowa ƙasarmu da bishara, shi da Walter Gowans da Thomas Kent, biyun nan a 1894 ciwo ya kashe su, shi kaɗai ya koma Kanada da rai kuma bai haƙura ba. Mishan ɗinsa ita ce SIM, wadda cocin ECWA ta fito daga cikinta, ta shigo Habasha a 1927, Italiya ta mamaye ƙasar aka kori 'yan mishan, bayan yaƙi suka dawo. A 1946 suka buɗe makarantar, shekara 4 bayan rasuwarsa, don 'ya'yansu kawai, iyaye suna can ƙauyukan kudu yara suna kwana a makaranta. Yanzu kam yaran ƙasashe ne kala kala a ciki.

Ba su ɓoye mana komai ba, makarantar Kirista ce, akwai darasin Baibul. Mun kwana biyu muna ja da maigida a kai, shi yana ta lissafin kuɗi ni ina tunanin karatun allo. Da na kira Hajiyarmu na ba ta labari dariya ta yi, wai ai a asibitin mishan aka yanke mini cibiya ban kuma zama Kirista ba. Fom ɗin dai yana kan firji har yau, gobe kuma zan je wajen masallacin Anwar in tambaya ko akwai malamin da zai riƙa zuwa gida ran Asabar.